Wane wayin ne zai tafi da tsire da farfesu? Amsa ga 'yar uwa daga Rayfield

Wata 'yar uwa daga Rayfield ta turo min tambaya, tace zata tara ƙawayenta da abokan aikin maigidanta a tsakar gida ranar Litinin ɗin Ista da yamma, su tara ne har da masu gida, shida suna shan wayin, wato giyar inabi, uku basa taɓawa sam. Abincin da ta tsara: tsire da balangu, gasasshen kifi, farfesun kayan ciki, jalof da soyayyen dankalin turawa, sai 'ya'yan itace daga ƙarshe. Tace ita dai abinda take ji ana faɗa shine jan wayin na nama ne farin wayin na kifi, toh tunda nama yafi yawa ta sayo ja guda huɗu kawai ta huta? Kuma tana so a ɗan yi wasan ɗanɗanawa irin wanda take gani a bidiyo.

Toh 'yar uwa, tsaya tukuna, kar ki sayi jan nan huɗu. Shekara goma sha ɗaya nayi a ɗakin cin abinci na otal a Abuja kafin in tattara in dawo gida Jos, aikina kenan zuba wa mutane abin sha in tsaya ina kallon fuskarsu bayan kurɓar farko, kuma abinda na koya shine wannan magana ta ja na nama fari na kifi ba don tukunyarmu aka yi ta ba. Turawan da suka ƙirƙiro ta namansu gishiri ne da man shanu da ɗan masoro shikenan. Mu kuwa kafin nama ya iso baki ya riga yayi wanka da yajin ƙuli, farfesu kuma kin san yadda attaruhu ke zama a ciki. Don haka tambayar ba wai nama ne ko kifi ba, tambayar ita ce yaji nawa ne a ciki, maiƙo nawa ne, kuma garin da zafi ko babu.

Bari in fara miki da abinda ke cikin kwalbar, don in kin gane wannan sauran duk zaki iya da kanki. Abu huɗu ne baki ke ji: tsami, zaƙi, bauri, sai ƙarfin barasa. Tsami da zaƙi kowa ya sansu. Bauri shine wanda mutane basa lura dashi, irin abin nan da kike ji in kin tauna goro ko kin sha shayin da ganyensa ya jima a ruwa, bakin ya bushe harshe ya riƙa kamawa a dasashi. Daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa, shi yasa ja ke dashi fari kuma kusan babu, don ja da ɓawon ake jiƙa shi yayi kwanaki, fari kuwa matse ruwan ake yi a ware ɓawon tun farko. Shi baurin nan abokin kitse ne, in kin ci balangu mai maiƙo kika kurɓa sai ya wanke miki baki kiji kamar yanzu zaki fara cin. Amma da barkono basa ga maciji ko kaɗan, in sun haɗu wayin ɗin ya koma ɗaci yajin kuma ya ninka.

Barasa ma haka. Wajen da ke jin zafin barkono a harshe shi dai barasa ke tsokana, kinga kenan kamar kina zuba kananzir a wuta ne. Duba jikin kwalbar akwai lamba da alamar kaso mai nuna ƙarfin barasar, wani zaki ga 11, wani 12.5, wani har 14.5. Bambancin kamar ba yawa a ido amma a baki mai yaji babba ne. Don abincinki duk wanda ya haura 13.5 ki bar shi a kanti, sai guda ɗaya da zan gaya miki a gaba.

Akwai wani dare a watan Afrilu da bazan manta ba, wani Oga ya kama mana wajen bakin ruwan wanka na otal zai karrama abokansa, ya zo da nasa kwalaben Cabernet Sauvignon masu tsada, wato ja mai bauri, yace a zuba tun daga farko har ƙarshe kuma kar a kusantar dasu da ƙanƙara don shi ya zauna a Turai ya san yadda ake sha. Abin farko da aka kawo farfesun akuya ne. Minti goma ba'a yi ba kowa ya kama gumi yana shan iska da baki, aka kira kuku ana masa faɗa wai ya cika yaji. Bawan Allah yajin da yake sawa kullum ya sa, wayin ɗin ne yayi ɗumi kamar ruwan randar da ta wuni a rana. Ni dai nayi shiru don ba'a gardama da mai biya, na lallaɓa na riƙa ajiye ruwan sanyi a gaban kowa.

Toh mu bi abincin naki.

Farfesu shine mai wuya, gaskiya in gaya miki babu wayin ɗin da ke jin daɗin zama kusa da farfesun kayan ciki ɗari bisa ɗari, ga zafin wuta ga yaji ga kimba da citta da kanumfari. Wanda ke iya jurewa shine fari mai ɗan zaƙi-zaƙi mara ƙarfi, mai sanyi sosai, don zaƙi ne ke kwantar da yaji. In kin samu Riesling na Jamus wanda aka rubuta Kabinett a jiki ki rungume shi, yawanci ƙarfinsa tsakanin 8 ne da 10, ga tsami mai kyau ga ɗan zaƙi, sai dai ki duba kar ace an ƙara trocken a kai don wannan kalmar tana nufin babu zaƙin. A Jos da wuya ki same shi, sai dai in wani zai taho miki daga manyan kantunan Wuse 2 ko Maitama a Abuja. Wanda ya fi sauƙin samu shine Chenin Blanc na Afirka ta Kudu, su ne suka fi kowa shuka wannan inabin a duniya duk da asalinsa daga kwarin Luwar na Faransa yake, ki nemi wanda aka rubuta off-dry ko semi-sweet. Moscato ma yana yi, na garin Asti a Italiya ƙarfinsa wajen 5 ne da ɗoriya kawai, amma zaƙinsa yana da yawa, wasu mazan zasu ce kin basu lemon yara.

Gasasshen kifi kuwa ki tuna abinda kike yi in an ajiye miki shi, lemon tsami kike matsawa a kai ko? Toh wayin mai tsami aikin da yake yi kenan. Farin nan Sauvignon Blanc shine sarki a nan, ko na Afirka ta Kudu ko na Cile, ƙamshinsa kamar ɗanyen ganye da gwaiba. Amma ya danganta da yadda zaki gasa, in karfasa ce da gishiri da tafarnuwa da lemon tsami toh shi ɗin ne, in kuwa tarwaɗa ce irin ta kasuwar barikin Mogadishu a Abuja da ake lulluɓe ta da jajjagen attaruhu har baki ganin fatar, koma kan farin nan mai ɗan zaƙi na farfesu, kinga kwalba ɗaya tayi miki aiki biyu. Abinda kawai zaki kiyaye kar kowa ya haɗa kifin da ja mai bauri, bakin mutum ƙarni yake yi da wani ɗanɗano kamar ya lashi tsohon cokali. A nan kam maganar Turawan tana da gaskiya.

Tsire ni roze nake bashi, wato mai launin hoda ɗin nan. Mutane da yawa suna raina shi wai na mata ne, ni kuma in aka ce in zaɓi kwalba ɗaya tak don cin abincin Najeriya a bazara shi zan ɗauka ido rufe. Da jan inabi ake yinsa amma awanni kaɗan ake barin ɓawon a ciki, sai ya ɗauko launi da ƙamshin 'ya'yan itace ya bar baurin a baya. Gardin ƙuli da hayaƙin gawayi da albasa da tumatir ɗin da ake yankawa a kai duk yana tafiya dasu, kuma shi dai zai raka jalof. Jalof tumatir ne jigonsa, tumatir kuma tsami gareshi, in wayin bashi da nasa tsamin sai kiji ya koma lami a kusa da ita. Ki lura roze ɗin da ya cika kantunanmu irinsu Four Cousins da 4th Street masu zaƙi sun fi yawa, ba laifi bane in tsiren yaji ne sosai, amma in kin samu mara zaƙi ki gwada, na yankin Furobans a kudancin Faransa sune suka yi suna.

Sai balangu, nan ne ja zai shigo, kwalba ɗaya. Ki ce wa mai naman ya ƙulle miki yajin daban kar ya barbaɗa, kowa ya dangwala gwargwadon bakinsa. Ga rago mai kitse da hayaƙi zan ce Pinotage ko Shiraz. Pinotage ɗan gida ne na Afirka, wani malamin jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu mai suna Abraham Perold ne ya aura inabin Pinot Noir da na Cinsaut wajen 1925 aka samu wannan irin, kuma mutanen can ma gashin nama a tsakar gida al'adarsu ce, don haka ba baƙo bane a bakin gawayi. Shiraz shi kuma da kansa yana da ɗan ƙamshin masoro. Su biyun sukan kai 14, shi yasa nace a ajiye shi sai an zo kan balangu. In baƙinki ba masu son abu mai nauyi bane Merlot ko Pinot Noir sun fi laushi.

Soyayyen dankali ba sai na daɗe a kai ba, duk abinda aka soya da mai da gishiri wayin mai kumfa yake so. Prosecco na Italiya ko Cava na Sifen sun wadatar, ki nemi mai Brut a jiki, wato mara zaƙi. Shamfen na gaskiya sai wanda aka yi a yankin da ke da wannan sunan a Faransa, kuɗinsa kuma zai sayi ragon balangun gaba ɗaya, ba dole.

Kinga lissafin ya fito da kansa: mai kumfa ɗaya, fari mai ɗan zaƙi ɗaya, roze ɗaya, ja ɗaya. Kwalba mililita 750 ce, kofi biyar take bayarwa in ana zuba 150, huɗu kenan kofi ashirin, mutum shida kowa ya samu uku da ɗan ƙari, wallahi ya isa ga zaman cin abinci. In aljihu ya yarda ki ƙara Sauvignon Blanc saboda kifin.

Yanzu maganar sanyi, wadda a wajena tafi zaɓen kwalbar ma muhimmanci. Ana cewa ja ba'a sa shi a firij a sha shi da yanayin ɗaki, eh amma ɗakin wa? Ɗakin da suke nufi digiri 16 ne zuwa 18. Abuja a watan Maris tana haura 35, mu nan Jos Allah ya rufa mana asiri muna kan tudu sama da mita 1,200, duk da haka da rana a bazara muna taɓa 30. Don haka jan ma ki sa shi a firij kamar rabin awa kafin a buɗe, in kin taɓa kwalbar kiji ta da sanyi-sanyi kamar ruwan tulu. Fari da roze su kai wajen 8 zuwa 10, mai kumfa ya fi su sanyi kaɗan. Kuma kar ki dogara da wuta, kin san hali ranar da kike da baƙi ranar ake ɗaukewa. Sayo ƙanƙara ki zuba a bokiti, ki ƙara ruwa har ya kai wuyan kwalba, ki watsa gishiri cikin hannu ɗaya, minti ashirin sun yi sanyi. Ƙanƙara zalla ba ruwa bata aiki da sauri don bata taɓa jikin kwalbar ko'ina. In wani ya jefa ƙanƙara a kofinsa na roze ki ƙyale shi, ba zunubi bane, ni ma ina yi in babu mai kallo.

Wajen saye ma zafi ne babban abokin gaba. Kar ki sayi kwalbar da ke jere a bakin taga rana na dukanta, ko a kantin da ya zama kamar gidan burodi da rana. Duba wuyan, in kin ga alamar ya tsiyayo ya bushe ko toshiyar ta ɗago sama, ya dahu, ajiye musu kayansu. Ni kaina na taɓa yin wannan wautar, na sayo katan a Abuja na jefa a but ɗin mota da tsakar rana, muka bi ta Keffi muka tsaya cin abinci a Akwanga muka daɗe, kafin mu haye Hawan Kibo mu shigo gari kwalba uku sun yi hawaye, da aka buɗe ɗanɗanon kamar dafaffen zabibi. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba rubutun takardar da murfin da kyau don jabu ya yi yawa a kasuwa, in farashin ya yi arha fiye da hankali toh kin san araha bata ado. Sai shekarar da ke jiki, kar ki biye wa masu cewa wayin sai ya tsufa, wannan na wasu tsiraru ne masu tsada da aka ajiye a wuri mai sanyi. Fari da roze na kuɗi daidai ki nemi na shekara ɗaya zuwa biyu da suka wuce, in kin ga roze ya shekara biyar a kanti launinsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa wuce abinki.

Wasan ɗanɗanawa kuma kar ki mai dashi jarrabawa. Naɗe kwalaben da takarda ki rubuta 1, 2, 3, 4, ki zuba wa kowa kaɗan kamar yatsa biyu a ƙasan kofi, a fara daga mai kumfa, fari, roze, ja a ƙarshe, don in an fara da mai nauyi baki bazai ƙara jin marasa nauyin ba. A kalli launi, a ɗan juya kofin don ƙamshin ya tashi, a shinshina, sannan a kurɓa a bar shi ya zaga baki. Kowa ya faɗi abinda ya tuna masa da kalmomin gida, wani zai ce mangwaro wani tsamiya wani ɗinya wani yace hayaƙin murhu, duk daidai ne, ba sai an ambaci 'ya'yan itacen da bamu taɓa gani ba. Inda daɗin yake shine a kurɓa kafin a ci tsire sannan a sake kurɓa bayan an ci, nan zaki ga ido ya buɗe, abu ɗaya ya zama biyu. Rufe sunan yana da amfani don mutum da ido yake fara sha. A 1976 wani Bature ɗan Ingila mai sayar da wayin a Faris, Steven Spurrier, ya tara masana 'yan Faransa ya basu na ƙasarsu da na Kalifoniya ba tare da sun ga kwalba ba, da aka tattara maki na Amurka ne ya zo na ɗaya a fari da ja duka. In masana sun sha mamaki ai abokin maigidanki mai cewa shi sai na Faransa ma zai iya sha. Ki ajiye ruwa da busasshen biredi a tebur na wanke baki, kuma turaren wuta ki bari sai an gama, yana kashe hanci. In kwalba tana warin jiƙaƙƙen kwali toshiyarta ce ta lalata ta, ba hancinki bane, ture ta gefe.

Toh baƙinki uku da basa sha, a nan ake gane mai gida ta iya karɓar baƙi. Da farko ki gaya musu tun kafin ranar cewa za'a sha wayin a wajen, don akwai wanda baya sha amma zai zauna, akwai kuma wanda addininsa ko ra'ayinsa bai bashi ya zauna a teburin ba ma, Musulmi ne ko ɗan coci, gara ya sani ya zaɓa da ya zo ya ga abu a gabansa. Kofunansu daban, kularsu daban, kuma kar a zuba ko ɗigo a girki. Sannan ki kula da kwalaben da ake cewa wayin mara barasa, iri biyu ne. Akwai ruwan inabi zalla da aka sa wa gas, irinsu Eva da Chamdor da ake kaiwa biki, wannan bai taɓa zama giya ba. Akwai kuma wanda giya ne aka yi sannan aka cire barasar, shi wannan yakan rage kaɗan har zuwa 0.5, kuma mutane da yawa basa yarda dashi ko da an rubuta sifili. Karanta takardar, in kina shakka ɗauki na farkon.

Amma ni da zaki ji tawa zoɓo zaki haɗa musu mai kyau, don duk abinda nace ja yana yi wa balangu zoɓo yana yi, yana da tsami yana da ɗan baurinsa. Matsalar kawai muna kashe shi da suga da fileba. Tafasa ruwa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki sauke sannan ki zuba zoɓon ki rufe ya jiƙa, kar ki barshi yana ta tafasa a wuta, suga rabin wanda kika saba, ki tace sosai ya yi garau ki sanyaya ki zuba a irin kofin da kowa ke riƙe dashi. Ga kifi ruwan tsamiya mai ɗan citta ko lemon tsami da ruwan soda. Ga farfesu kuwa su ne ma suka fi kowa morewa, don abinda ke cikin barkono baya narkewa a ruwa amma madara tana ɗauke shi, kofin nono ko yogot mai sanyi ya fi duk Riesling ɗin duniya kashe yaji. Kunun aya ma yana yi, sai dai ki haɗa shi ranar kuma kar ya bar cikin ƙanƙara, a zafin bazara awa kaɗan yake juyawa. Ki yi zoɓon da yawa fa, masu wayin ɗin ma zasu dawo kansa, na sha gani.

Na 'ya'yan itace, tunda lokacin mangwaro ne kuma in kin yi sa'a zaki samu ragowar sitiroberi na wajen Vom, ki sani duk abinda ya fi wayin zaƙi yana mai dashi tsami, don haka kar a ci mangwaro da ja ko da Brut, in akwai ragowar farin nan mai zaƙi ko Moscato shi za'a ƙarasa dashi, in babu a sha shayi.

Kuma tunda kina da mutum uku da basu sha ba ki roƙe su tun da wuri su riƙe makullan mota, ko a kira wanda zai mai da mutane gida, wanda ya sha kofi uku ba shi da hurumin kama sitiyari daga Rayfield zuwa Bukuru ko Rukuba Road da dare ko da yace garau yake ji. Abinda ya rage a kwalba ki mai da toshiyar ki sa a firij har jan ma, zai kai kwana biyu zuwa uku, mai kumfa dai washegari ya sace. In kin je kantin kin rasa gane wanne ne wanne ki ɗauko hoton takardun gaba da baya ki turo min kafin ki biya.